Fitilu Biyu a Hanyar Kalfu

Jakin Nomau ba shi da laifi.
Yana jan amalanken albasa a gefensa na hanya,
ni ne na zo da fitilar da ba ta ganin taku goma,
na watsa burodi ɗari da ashirin a jar ƙasa
tun ladan bai yi gyaran murya ba.
Gwiwata ta warke cikin mako biyu.
Bashin mai gidan burodi ya fi ta jimawa.

Assumana na garaji ya ce jika takwas, har da ladan hannu.
Na ce zan dawo.
Ya san ba zan dawo ba, ni ma na sani.

A babbar kasuwar Tawa na zaɓi fitilu biyu,
kowace faɗinta bai wuce gindin kofin shayi ba,
jar waya gaba biyu, baƙa gaba ɗaya,
fis, da makunni na dannawa da babban yatsa.
Jika uku da dala arba'in.
Sau biyu na ƙirga canjin.

Bayan la'asar na jingine moto a gindin dogonyaro,
na cire sirdi, na ga cikinta karo na farko:
shekara shida tana ɗauke da ni
ban taɓa sanin hanjinta kala-kala ba ne.
Habsu ɗiyata ta tsuguna, noti huɗu a tafinta,
ta ce a lakkwal an koya musu
kuran ba ya fita sai ya ga hanyar komawa gida.
Na ce to, ashe ya fi wasu mutanen hankali.

Ja daga batir, fis kusa da shi kamar mai gadi a bakin ƙofa,
sannan ta bi ƙarƙashin tanki, ta hau har kan ƙaho.
Baƙa kuwa jikin ƙarfe take nema.
Na kankare fenti da wuƙar yankan albasa
har ƙarfen ya yi fari, na ɗaure.
Na feɗe bakin waya da haƙori,
uwar Habsu ta ce haƙorin ya fi fitilar tsada.

Na danna.
Oda ta kwarma ihu, kaji suka watse,
akuyar maƙwabta ta tsinke igiya.
Habsu ta yi dariya har notin ɗaya ya faɗi cikin yashi,
muka nema shi da hasken salula har aka kira magariba.
Wayar oda na kama, ita ma ja ce a idona.

Na sake. Na naɗe kowace gaɓa da baƙin salatif,
na danna, bangon gidanmu ya fito fes,
har tsagar da damina ta bari, wadda nake cewa ban gani ba.

Washegari moto ta ƙi tashi.
Na bar su kunne, sun sha batir kamar kunu.
Na tura ta har gangaren asibiti, gumi na bin ƙeyata,
da rana na mai da jar wayar bayan kontak,
in an zare makulli kowa ya kwanta.

Saura ɗaya, wani direban Badagishiri ne ya koya mini
da zagi, ta taga, yana kare idonsa da hannu.
Na tsaya a gefe, na sassauta noti,
na sunkuyar da su, su dubi ƙasa.

Yanzu ƙarfe huɗu na asuba ina ganin rami kafin ya gan ni,
ina ganin idon tumaki, kore, jere a bakin kwalbati.
Jiya na hango Nomau tun daga nesa,
shi da jakin da albasarsa.
Na rage wuta, na yi sallama.
Ya ce, wa ya sa maka?
Na ce, ni da Habsu.